Ranin da Irin Albasarmu Ya Kusa Ɓata

Albasar iri ta fara fure a garkarmu, lambun rani da ke bakin fadamar Kalmalo. Jiya da hantsi na je dubawa, na tarar ƙudan zuma sun riga ni, suna kewaya fararen kawunan. Injin sola na maƙwabcinmu yana ta zuba ruwa, ba ƙara ba hayaƙi. A hanyar dawowa na tsaya gidan mai. Babu layi, mai sayarwa yana zaune kan benci yana latsa waya. Tun da aka janye tallafi, mai yana nan, kuɗin sayensa ne suka yi wa mutane nisa. Da warin fetur ya bugi hancina sai miyau ya taru a bakina, na juya gefe na tofar. Haka nake yi duk rani, tun shekarar da aka hana kawo mai Illela.

Shekarun ba su yi yawa ba, amma abubuwa sun canza har wasu sun fara mantawa. Ni ma ba zan ce na riƙe komai daidai ba. Abin da na tabbata da shi zan faɗa, wanda nake shakka kuma zan ce ina shakka.

A daminar shekarar na dawo gida daga bautar ƙasa, da digiri a fannin tattalin arziki, ba aiki. Ina dawowa ba da jimawa ba aka rufe iyaka. Wanda bai san Illela ba, zai ɗauka ƙofa ce kawai aka ja. Mu kuwa rabin danginmu suna Ƙonni da ƙauyukanta a tsallaken iyaka, kasuwarmu ta Lahadi da mutanen can take cika, masu canjin sefa da 'yan kabu-kabu duk da wannan hanya suke ci. Yayana Mu'azu ɗan kabu-kabu ne, kuma tun daga makon farko babur ɗinsa ya koma kwana a zaure har azahar.

A lokacin, in aka tambaye ni, ina cewa matakin yana da hujja. Ƙasa mai yawan jama'a kamar tamu, ga haihuwa kullum, ba za ta dawwama tana cin shinkafar wasu ba, kuma man da gwamnati take biya wa tallafi yana tsallakawa waje a jarkoki, kowa a garinmu ya san haka. Sai in ƙara da cewa amma yadda aka yi shi ne ban tabbata ba. Mu'azu ya tsani wannan "amma" tawa.

"To, malam mai digiri, mi littahinku ya ce? Mu ci mi kahin ƙasa ta gyaru?"

Na ce masa abin yana da fuska biyu.

"Kullum huska biyu. Wata rana ka kawo muna mai huska guda mu gani."

Gidanmu bai ji rufe iyakar sosai ba da farko, domin mu manoma ne. Gero ya yi daidai gwargwado, mun ɗaure damma mun zuba rumbu. Amma geronmu ba ya kai mu shekara. Abin da yake rufa mana asiri shi ne albasar rani. Ita ake sayarwa a cike hatsi, a sayi taki, a yi ɗinkin salla.

Albasa iri biyu Baba yake yi a garka. Akwai ta kasuwa, wadda ake yafa iri, a cire dashe, a dasa a fangali mai yawa, wato ƙananan gadajen shuka da ake ba ruwa ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma ta iri: manyan kawunan bara da aka zaɓa aka ajiye, a yanke samansu a binne, su fid da dogon kara su yi fure, furen ya ba da baƙin iri. Wannan ba ta wuce 'yan fangali a kusurwar gabas. Wanda ba manomin albasa ba bai san cewa irinta ba ya jira. Gero ka ajiye shi shekaru ya tsiro. Irin albasa kuwa in ya shekara ya zarce, mafi yawansa ya mutu. Kowace shekara sai an sake fitar da sabo, in aka tsallake ɗaya shi ke nan.

Namu irin kakata ce ta zo da shi, Inna Tumba, mahaifiyar Baba. Daga wani ƙauye na wajen Galmi, can tsallaken iyaka, aka auro ta, ta zo da shi ƙulle a bakin zane. Albasa ce ja mai duhu, mai yaji, kuma tana jure ajiya a rudu, wato rumfar kara da muke shanya albasa a ciki, har damina ta yi nisa, lokacin da ta kowa ta ruɓe. Dangin Inna na can sun daɗe da barin wannan albasar, sun koma wani iri da aka raba musu. Inna ba ta sayar da shi. Wanda ya zo ya yi sallama ya roƙa, ta ɗiba masa da murfin kwalba. Yawancin maƙwabta ba sa wahalar fitar da nasu, sun san akwai na Inna.

Mun binne kawunan iri, dashen kasuwa yana gab da isa cirewa, sai rediyo ya ce an hana kai mai duk garin da bai wuce kilomita ashirin daga iyaka ba. Mu kuwa iyakar a bakin ƙofarmu take. Cikin 'yan kwanaki gidajen mai suka ƙare abin da ke ƙasa, aka ɗaura igiya a mashigarsu. 'Yan bumburutu suka ɓoye galan, in ka samu ma farashin ba na manomi ba ne.

A nan ne muka lura da wani abu da ba mu taɓa tunani a kai ba. Shekaru da suka wuce Baba ya sayi injin ban ruwa, aka kafa masa bututu cikin ƙasa, kamar kowa a fadamar. Ci gaba ne, ba na musu. Garkar ta ninka, hannun Baba ya huta. Tsohuwar rijiyar da ake jan ruwa da jigo aka bar ta, bakinta ya zube, aka riƙa watsa ciyawa da ɓawon albasa a ciki har ta kusa shafewa. Bututun kuwa faɗinsa bai wuce damtsen mutum ba, guga ba ta shiga. Ruwa yana nan kusa, in ka kara kunne a bakin bututun kana jin sanyinsa, amma in babu fetur ba ka da ɗigo.

Dabarar da mutane suka samo ita ce tankin babur. Jarka haramun ce a hanya, ko galan ɗaya aka gani sai a ƙwace. Amma ba wanda zai hana ka cika tankin abin hawanka. Sai ka hau ka yi kudu, hanyar Sakkwato, har wajen Gwadabawa inda dokar ba ta kai ba, ka cika tanki, ka dawo, ka zuƙe man da tiyo ka ɗura wa inji, ka bar ɗan abin da zai mayar da kai gobe.

Baba ya ce ni zan riƙa zuwa, domin masu shinge sun san fuskar Mu'azu tun yana ɗauko buhun shinkafa ta bayan gari. Ya ce in sa kakina na bautar ƙasa, za su fi ganin girmana. Na yi ta juya maganar a raina. Na gama bautar, an ba ni takarda, in na sa kakin kamar ina cewa ban gama ba. Ba ƙarya ce ta baki ba, amma ta yi kusa da ita. A ƙarshe na sa takalman kawai. Mu'azu ya yi dariya har ya riƙe bango, ya ce masu shinge sai sun duƙa kafin su girmama ni.

Ga yadda ranakun suka kasance. In an sallame asuba na sha kunu a tsaye, na naɗe kai da rawanin Baba, domin sanyin lokacin yana shiga kunne kamar allura. A hanya ba ni kaɗai ba ne, jerin babura ne, duk manoma, kowa ya dunƙule. A kowane shinge akan ƙwanƙwasa tanki da sanda a ji ƙararsa, a leƙa ƙarƙashin kujera. A gidan mai layi ya riga ya yi tsawo, a nan rana take fitowa ta same mu. Wata rana a samu kafin hantsi, wata rana sai azahar, wata rana a ce ya ƙare in ana saura mutum kaɗan a gabanka, ka juyo da abin da bai kai wanda ka fita da shi ba. Ko a ranar sa'a hanya tana shan rabonta, zuwa da dawowa.

Zuƙar ce ban taɓa iyawa ba. Ka zura tiyo a tanki, ka ja da baki, ka cire da sauri kafin man ya iso. Mu'azu yana yi ko leɓensa bai jiƙe ba. Ni kuwa ko in saki da wuri man ya koma, ko in makara ya cika min baki. Yana da sanyi da farko, sannan ya ƙone harshe, ya hau hanci, idanu su kawo ruwa. In na yi gyatsa da la'asar fetur nake ji. Tuwo fetur, ruwan randa fetur. Inna Tumba takan sa a dama mini fura da nono mai tsami, wai yana kashe dafin. Tana zaune bakin ɗakinta a kan buzu, idonta ya yi rauni amma hancinta lafiya lau.

"Angona, matso in ji. Kai, warin mi kake haka? Ni anka ce ɗan boko na aura, ashe injin niƙa anka kawo min."

Na ce ai saboda albasarta nake sha.

"To sha da kyau. Miji in bai wahala ba, mi amfaninai?"

Cikin gida ma rashin man ya shiga ko'ina. Injin niƙa na unguwa ya tsaya, ko ya yi aiki rana ɗaya ya huta uku. Mahaifiyata da matar Mu'azu suka fito da dutsen niƙa daga bayan rumbu, suka wanke shi. Tun da safe sai ka ji sakace-sakace daga kowane gida, kamar yadda tsofaffi suke cewa garin yake a da. Mai cajin waya ya rufe shago. Mace mai naƙuda in za a kai ta asibiti sai an bi gida gida ana neman mai babur da ya rage wani abu a tanki. Ba na so in ƙara gishiri, mutane sun ci gaba da rayuwa, ana suna ana aure. Amma komai ya yi nauyi, kamar tafiya cikin rairayi.

Mun dasa albasar kasuwa duk da haka, domin Baba yana ganin dokar ba za ta daɗe ba. Ni ma haka na ce, na ma kawo dalilai. Tanki ɗaya ba ya zagaye garkar, sai muka riƙa ba ruwa bi da bi, wannan gefe yau, wancan jibi. Muddin akwai sanyi ƙasa tana riƙe laima, albasar ta jure. Ganyen dai bai yi kauri kamar na kullum ba.

Da sanyi ya fara ja baya sai lissafin ya ƙi. Ƙasa tana bushewa kafin a zagayo. Bakin ganye ya fara yin ruwan ɗorawa. Lokacin ne masu walda na garin suka samu kasuwa: suna yanka tankin babur su faɗaɗa shi, su yi masa fenti, ya ci ninkin na da. Mu'azu ya ce a kai namu. Na ce ina tsoro, domin tanki mai ciki kamar tulu ba ya ɓuya, kuma in an kama mu ba mu da abin faɗa. Ya ce ba fasa-ƙwauri za mu yi ba, gonarmu za mu shayar, a cikin ƙasarmu. Gaskiya ne. Nawa ma gaskiya ne. Baba bai hana ba, kuma a wurin Mu'azu wannan izini ne.

Aka yi waldar. Na ce ni dai ba zan hau shi ba, Mu'azu ya ce dama bai sa rai ba. Ya yi sawu kaɗan lafiya, garka ta sha har ta ƙoshi, ganye ya miƙe, na fara tunanin ko tsorona ne ya yi yawa. Wata ranar Talata, in ban manta ba, ya dawo bayan la'asar a bayan motar itace, ba babur. An tsayar da su da yawa a shinge ɗaya, duk mai babban tanki aka sauke shi. Bai yi dogon bayani ba. Ya wanke ƙafa ya yi salla, ya zauna a zaure yana kallon inda babur yake kwana.

Ban ce masa ai sai da na gargaɗe shi ba. Shi ma bai tsokane ni ba har kwana da yawa, kuma wannan ya fi damuna.

A daidai lokacin albasar iri ta fid da kara, kowanne da ɗan tulluwa a kai, fure bai buɗe ba tukuna. Daga nan har iri ya yi baƙi ba ta son ƙishi ko kaɗan. In ta sha wuya a wannan gaɓa furen zai buɗe, ka gan shi fari gwanin kyau, amma cikinsa fanko.

Washegari bayan sallar azahar Baba ya kira mu ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Ya ce zai yashe tsohuwar rijiya a kafa jigo. Na riga na auna a raina, na gaya masa cewa mu uku da jigo ɗaya ba za mu iya shayar da fiye da kusurwa ɗaya ba, a wannan zafi da yake tahowa. Ya ce ya sani. Ya ce kusurwar gabas, inda albasar iri take, za a ba.

Na yi magana, da ladabi, amma na yi. Na ce albasar kasuwa ita ce abincinmu na damina. In aka zuba ƙarfin a kan mafi kyawun fangalinta, ko kaɗan ne za a samu na sayarwa. Iri kuwa ana sayar da shi a shago cikin gwangwani, baɗi sai a saya. Na ce ban ce dole haka ne daidai ba, amma ya kamata a duba.

Baba ya ce ya duba. "Ta kasuwa in ta tahi, wahalar shekara guda ce. Wanga in ya tahi, ba shagon da za ka same shi."

Inna tana jin mu daga zaure, ashe ta sa an jawo mata buzunta.

"Na gwangwani? Ka taɓa ganin ta kai damina cikin rudu? Kyawo gare ta awa amarya, wata biyu ta zube. Angona, in kana son ka sake ni ka hwaɗi, ba sai ka bi ta kan albasa ba."

Har Mu'azu ya yi murmushi. Maganar ta ƙare a nan.

Yasar rijiyar gayya aka yi. Maƙwabtan garka suka zo, waɗanda suka saba karɓar iri da murfin kwalba, domin su ma sun san abin da ke tafe. Aka fitar da ruɓaɓɓiyar ciyawa da baƙar laka mai wari, ana miƙo kwando ana zubarwa. Mu'azu ne a ƙasa, laka har ƙugu. Da ruwa ya fara tsattsafowa ta gefe ya ɗago kai ya ce a gaya wa mai digiri an samu rijiyar mai. A ranar ya dawo da tsokanarsa, na ji daɗi ban nuna ba. Aka kafa gwafa biyu, aka gicciya itace, aka ɗaura doguwar sanda, aka manna curin laka a gindinta, guga a ɗaya bakin. Baba ya gwada, hannunsa bai manta ba.

Jigo ba ya son gaggawa. Ka ja igiya ƙasa, guga ta nutse, ka saki, nauyin lakar ya ɗago ta, ka juye a bakin magudana, ruwa ya bi ƙaramar hanya zuwa fangali. Ɗaya yana ja, ɗaya yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya yana toshewa. Muna farawa in gari ya waye mu tsaya in rana ta take, mu dawo bayan la'asar. Tafin hannuna ya yi ƙuraje, suka fashe, suka yi kanta. Da bazara ta shigo sosai, iskar da ke tasowa daga tudu kamar daga bakin tanda take. Rijiyar takan ƙafe tun kafin mu gama, sai mu zauna a inuwar mangwaro mu jira ta taru. Sau biyu ko uku Mu'azu ya sake shiga ya ƙara mata zurfi.

Abin da ya fi wuya shi ne hanyar shiga garkar, domin sai ka ratsa ta cikin albasar kasuwa kafin ka isa gabas. Kullum muna wuce ta tana kwantawa. Ƙasar fangalin ta tsage, ganye ya yi laushi ya faɗi. Baba ba ya kallon ta, yakan kafa ido a gaba ya wuce. Da ya ga ba sauran amfani ya ce a tuge. Kawunan ba su fi ƙwan zabo ba. Mata suka yanke ganyen da bai mutu ba, suka daka, suka dunƙula gabu suka shanya a kan tabarmi, tsakar gida ta yi kwana da kwanaki tana warin lawashi. Ƙananan kawunan aka kai kasuwa, abin da aka samo bai taka kara ya karya ba.

An sassauta dokar daga baya, aka ba wasu gidajen mai izini. Amma lokacin mun riga mun tuge, babur kuma bai dawo ba. Mun samu mai kaɗan muka tayar da inji sau ɗaya ko biyu, sauran duk jigo ne ya ƙarasa.

Furen ya buɗe. Fari fat, kai bisa kai, ƙudan zuma da ƙudaje suna ta guɗa a ciki tun safe. A duk gefenmu na fadamar ban ga wata albasar iri da ta kai wannan matsayi ba a shekarar, ko da yake ban zagaya ko'ina ba. Muka ci gaba da ja har kawunan suka fara bushewa, baƙin iri ya fara leƙowa. Baba ya bi da wuƙa yana yanke waɗanda suka nuna, yana sa su a buhu a hankali kada su zube.

A gida aka shanya su a kan zanen Inna. Da suka bushe ta sa aka kawo mata, ta murje da tafin hannu, mahaifiyata ta sheƙe. Sannan ta sa aka zuba a ƙwaryar ruwa. Mai kyau yana nutsewa, fanko yana tasowa. Muka tsaya a kanta muna kallo. Da yawa ya taso, fiye da yadda aka saba, aka kwashe aka zubar. Inna ba ta gani sosai, sai ta tsoma hannu har ƙasan ƙwaryar, ta damƙo abin da ya kwanta, ta murza shi tsakanin yatsu. Ta daɗe tana murzawa.

"Shina nan," ta ce. "A shanya maza kar ya sha ruwa."

Bai kai rabin na kullum ba. Waɗanda suka zo gayya kowa ya samu, amma murfin kwalbar ba a cika shi ba a shekarar. Sannan Inna ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Wata 'yar ƙanenta ta zo daga wajen Ƙonni ta hanyar ƙafa, ta zo duba Inna, domin a lokacin ba ta jin daɗin jikinta. Da za ta koma Inna ta ɗebi iri ta ƙulle mata a bakin zane, ta ce ta kai wa mijinta ya fitar, kuma kowace shekara ya riƙa fitarwa ko fangali ɗaya ne.

Ni da ba na iya yin shiru na ce, Inna, wannan fa kamar fitar da amfanin gona waje ne, kuma iyaka a rufe take.

"Sanda na shigo da shi wa ya tambaye ni takarda? Gida za shi gaisuwa. A bar shi ƙasa biyu. In wagga ta tashi da rigimarta, waccan tana nan. Ba su cika tashi tare ba."

Game da wannan na ƙarshe ban tabbata ta yi daidai ba, domin bayan 'yan shekaru an sake rufe iyakar, kuma a wannan karon kowane ɓangare ya riƙe nasa makulli. Amma ba ta ga wannan ba. Allah ya yi mata rasuwa a daminar da ta biyo baya.

Azumin shekarar a tsakiyar zafi ya zo, ba kuɗin albasa. Muna buɗe baki da kunu da ruwan randa, tuwo da miyar kuka da aka ɗanɗana da gabu, sahur ɗumame. Ba a yi ɗinkin salla ba sai na yara. Gero ya ƙare tun kafin sabo ya fid da kai, Baba ya sayar da tumaki biyu na mahaifiyata, taki kuma ba mu sa ba sai na gida. Mu'azu ya yi wata da watanni yana dako a kasuwa kafin ya samu babur na haya. Abin da na faɗa a ƙarƙashin darbejiya ya faru, duk da ban so ba. Abin da Baba ya faɗa shi ma ya faru. Har yau in na zauna ina auna su ban iya cewa ga wanda ya rinjaya ba. Haka nake game da dokar kanta. Mai yiwuwa ta rage jarkokin da ke tsallakawa, ban da alƙaluman da zan ce eh ko a'a. Abin da na sani shi ne wanda ya tsara ta yana tunanin motar dakon mai, mu kuma injin ban ruwa gare mu.

Yanzu ina koyarwa a wata sakandare, garka kuma ni da Mu'azu muke riƙe da ita, Baba ƙafa ta hana shi zuwa. Muna tara kuɗin sola, an ce in ka kafa ta ka huta da gidan mai. Ina ganin haka ne, ko da yake in wani abu ya lalace a cikinta ban san wa zai gyara a nan kusa ba. Rijiyar tana nan a kusurwar gabas. Duk shekara bayan girbi ina sa a yashe ta, a gyara bakinta, a sake curin laka a gindin jigo, ko da ba za a ja ko guga ɗaya ba.

Jiya ma da Mu'azu ya same ni a bakin furen ya sake tayar da maganar. Ya ce rijiyar nan da hanyarta sun cinye wurin fangali biyu, a cike ta a dasa albasa, zamanin jigo ya wuce.

Na ce masa mai yiwuwa yana da gaskiya, amma mu ƙara ganin shekara ɗaya.

"Bara ma haka ka ce."

Na ce eh. Baɗi ma ya tambaye ni.